Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ma'aikatan Sashen Tarin Fuka: Don Allah Ku Riƙa Duba Hannun Mai Tari

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe likitoci, malaman jinya, jami'an lafiya na ƙananan asibitoci da masu gwajin kaki, ina gaishe ku da aiki. Ni malamin makaranta ne, ilimin halittu nake koya wa 'yan sakandare, ban kuma taɓa rubuta wa kowa ko da farasitamol ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yayata, wadda na daɗe ina goyawa a babur zuwa layinku, da wata cuta mai ƙandarar da fata, sikilerodama, da ta shigo mana gida sanye da rigar tarin fuka, ta yi wata tara ana yi mata maganin da ba nata ba.

Yaya mai kitso ce, da shi take rufa wa kanta asiri. Farkon abin a hunturu ne. Idan ta yi alwalar asuba da ruwan randa sai yatsunta su mutu, su yi fari fat kamar an zuƙe jininsu, can su koma baƙi-baƙi, in ɗumi ya dawo musu kuma sai zugi. Kowa a gida ya ce sanyi ne, aka kawo citta da kanumfari. Daga nan yatsun suka kumbura har sai da aka kai ta wurin maƙeri ya yanke zoben da ya ƙi fita. Shukun da take gamawa kafin azahar ya koma yana kai ta la'asar. Ga ƙwannafi kullum dare, tuwo kuma sai ta kora da ruwa yake wucewa. Duk waɗannan ba su kai mu asibiti ba. Abin da ya kai mu shi ne tari, busasshe, marar kaki, da haki. Ta ɗauko bokitin ruwa daga bakin rijiya zuwa ɗaki sai ta tsaya sau biyu. Ta kuma rame.

Tari ya wuce mako biyu, ga rama, ga mace mai shekara talatin da 'yan kai. Kun san inda aka tura mu. Da ƙyar ta kakaro abin da aka saka a injin gwajin tarin fuka na GeneXpert, sakamako ya ce ba a ga ƙwayar cutar ba. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka ce akwai hazo. Aka buɗe mata kati, ta fara shan magani. Wata shida cur ba ta tsallake ko kwana ɗaya ba, fitsarinta ya yi ja kamar yadda aka gaya mana zai yi, aka ware mata kwano da kofi, masu kitso suka watse. Ana magani kai na kumbura. Da ta gama aka ce wataƙila ciwon ne ya dawo, aka sake ɗora ta a kai.

A wata na uku na zagaye na biyu ne Allah Ya haɗa mu da wata likita a wani babban asibiti. Ta maƙala wa Yaya ɗan abin nan na auna iskar jini a yatsa, ya ƙi karantawa. Ta canza yatsa, ya ƙi. Sai ta kama hannun gaba ɗaya ta jawo shi daga cikin hijabi, ta juya shi, ta yi ƙoƙarin mintsinar fatar bayan yatsa, fata ta ƙi ɗagowa, tana ta sheƙi kamar an shafa mata man kaɗe an bar ta a rana. Ta ce, "Hajiya, haɗa tafukanki kamar mai roƙo." Ba su haɗu ba. Ta ce, "Buɗe bakinki iya ƙarfinki." Yatsa biyu ne suka shiga da ƙyar. Ta nemi a sassauta hijabi, ta ga wuya da ƙirji sun yi dabbare-dabbare, fari cikin baƙi. Duk wannan bai ɗauke ta minti uku ba. Ta dube ni ta ce, "Malam, tun yaushe hannun nan yake haka?" Na ce shekara biyu. Ta ce, "Wa ya taɓa dubawa?" Na yi shiru.

Sunan cutar sikilerodama, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin fata mai tauri, idan ta shiga kayan ciki kuma likitoci na ce mata sistemik sikilerosis. Mu a gida ciwon ƙandarewar fata muke cewa, domin ranar da na fara faɗar sunan asibiti gwaggonmu ta ce ai ita ba ta taɓa jin sikila ta kama mutum da girmansa ba. Babu abin da ya haɗa su. Wannan garkuwar jiki ce take juyowa kan mai ita, ta lalata ƙananan jijiyoyin jini, ta sa jiki ya yi ta zuba sinadarin kolajin, wato abin da yake yin tabo idan an ji rauni, alhali babu raunin. Tabo a fata, tabo a hanyar abinci, tabo a huhu. Ba a ɗauka, ba ta bin kwano ko numfashi. Ta fi kama mata nesa ba kusa ba, galibi tsakanin shekara 30 zuwa 50, kuma binciken da aka yi a Amurka ya sha nuna cewa ga baƙar fata tana zuwa da wuri, tana kuma fi tsanani a huhu.

Huhun ne ya sa nake rubuto muku ku, ban rubuta wa likitocin fata ba. A da, ƙoda ce ke kashe masu wannan cuta. Da aka samu magungunan hawan jini irin su kaftofril sai labari ya sauya. Likitocin birnin Pittsburgh na Amurka sun bi marasa lafiyarsu daga 1972 zuwa 2002, suka ga cikin waɗanda cutar ta kashe, kason da ƙoda ta yi ajalinsu ya sauko daga 42 cikin ɗari zuwa 6, na tabon huhu kuwa ya tashi daga 6 zuwa 33. Yau huhu ne babban makashinsu, ta hanya biyu.

Ta farko ita ce ta Yaya. Lafiyayyen huhu kamar soso yake, yana buɗewa yana tsukewa, bangon 'yan jakunkunan iskarsa siriri ne ƙwarai yadda iska za ta ratsa ta shiga jini. Cutar na fara kumbura wannan bango, sannan ta mayar da shi tabo, soso ya koma kamar busasshen ƙirgi. Mutum ya ja numfashi, huhu ya ƙi buɗewa yadda ya kamata, 'yar iskar da ta shiga kuma ta sha wuya kafin ta kai jini. Daga ƙasan huhu abin yake farawa, ta baya, hagu da dama. Wurin da ya riga ya zama tabo ba ya komawa soso, ko da wane magani. Kuma ɓarnar ta fi sauri a shekaru uku zuwa biyar na farkon cutar. Ku lissafa da kanku abin da wata tara ke nufi a cikin wannan ɗan lokaci.

Ta biyu ta fi ɓoyewa. Jijiyoyin da ke kai jini daga zuciya zuwa huhu ne suke tsukewa, jini ya hau a cikinsu, ɓangaren dama na zuciya ya yi ta turawa har ya gaji. Abin awon hawan jini da ake ɗaurawa a dantse ba ya ganin wannan, hoton ƙirji ma yana iya fitowa tas. Kusan mutum ɗaya cikin goma na masu cutar yana gamuwa da shi, sau da yawa bayan shekaru, har ga wadda taurin fatarta bai wuce yatsu da fuska ba. Haki, jiri, kumburin ƙafa, wani lokaci suma. Sikanin zuciya ne ke fara nuna shi, shi ya sa ake so a riƙa yi musu duk shekara.

Ba na zargin wanda ya fara ɗora Yaya a kan maganin tibi. Nijeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu tarin fuka, kuma na ga layinku da idona, mutum ɗaya a kan tebur, marasa lafiya har bakin ƙofa. Na san ƙa'idar aikinku ta yarda a fara magani bisa alamu da hoto ko da gwajin kaki bai nuna komai ba, kuma wannan ƙa'ida ta ceci rayuka masu yawa. Cikin masu tari ɗari da za su zauna gabanku, da wuya a samu ɗaya mai ciwon Yaya. Zagayen farko na yafe shi har zuciyata. Na biyun ne har yau yake tsaya mini a maƙoshi. Matar da ta sha magani wata shida ba fashi, gwajinta bai taɓa nuna ƙwaya ba, ba zazzaɓi, ba gumin dare, ba kaki balle jini, hakinta kuma sai ƙaruwa yake, ai ta cancanci a ɗago kai daga kati a dube ta. An bar jaki ana dukan taiki.

Kuma banbancin ba ɓoyayye ba ne ga mai nema. Kun fi ni sanin cewa tarin fuka a jikin babba ya fi son saman huhu. Wannan kuwa ƙasa yake kwanciya. Idan aka ɗora abin sauraro a bayan mai ita, can ƙasa kusa da kwiɓi, ana jin wani ƙaras-ƙaras siriri a ƙarshen jan numfashi, kowane gefe, kuma tari ba ya kawar da shi. Likitar nan ta saka mini abin a kunne na ji, kamar ana taka busasshen ganye a hankali. Sai dai a saurara ta baya, a kan fata ko riga mai shara-shara. Ta saman hijabi da mayafi da zane ba za a ji komai ba.

A nan ne nake ganin namu yanayin ya ƙara wa abin wuya. Mutuwar yatsu cikin sanyi, wadda likitan Faransa Maurice Raynaud ya bayyana a 1862 har ake kiran ta da sunansa, tana samun fiye da tara cikin goma na masu cutar, kuma yawanci ita ce ke fara zuwa. Littattafai sun ce yatsa zai yi fari, ya yi shuɗi, ya yi ja. A hannun Bature ke nan. A hannun Bahaushiyar da ta sha lalle har farce, wa zai ga shuɗi? Tana zaune gabanku hannu cikin hijabi, wuya a rufe, fuska kawai kuke gani, fuskar ma ta yi sumul babu tamoji har maƙwabta na cewa ta koma yarinya. Ba za ta ce muku yatsunta na mutuwa ba, don a wurinta wannan sanyi ne, ba shi ya kawo ta ba. Ba za ta ambaci ƙwannafi ba, don kowa na yi. Dabbaren wuyanta, wanda likitoci ke kwatantawa da gishiri da masoro, ɓoye shi take yi, don an riga an fara raɗa cewa albaras ne. In gyambo ya fito a kan yatsa, ko yatsun suka fara gajarcewa suna lanƙwashewa, sai a ce kuturta, wasu su ce jifa ne. Sai ku kuka tambaya za ta faɗa. In namiji ne a kan tebur kuma da nauyi, ga malamar jinya nan, ta shiga da ita bayan labule.

Akwai abu ɗaya da nake roƙon ku da girman Allah kada ku yi idan kun yi zargin wannan cuta, ku kuma gargaɗi masu kemis da ke kusa da ku a kansa. Kada a ɗora mai ita a kan piredinisolon, ƙwayar rage kumburin nan, mai yawa don a sauƙaƙa mata numfashi. A wannan cuta, miligiram 15 ko fiye a kullum yana ƙara haɗarin ƙoda ta tsaya farat ɗaya, jini ya yi mummunan hawa. Mu kuwa a nan ƙwayar tana kan kowane kanta, ana ba mai haki, ana ba mai ciwon gaɓoɓi, 'yan mata na shan danginta don su yi ƙiba. Wani mai kemis ya taɓa ƙulla wa Yaya ita a leda, ta sha kwana huɗu ta ji daɗin jikinta. Allah ne Ya tsare, kuɗin sake saye ya gagara.

Abin da ya dace shi ne takardar turawa, a rubuta zargin a fili, zuwa asibitin koyarwa inda ake da likitocin gaɓoɓi da garkuwar jiki da na ƙirji, irin na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Maiduguri, ko na Sakkwato. A can za a nemi gwajin jini na ANA da na Scl-70, masu nuna ko garkuwar jiki ta juyo kan mai ita, samun Scl-70 ɗin kuma yana nuna huhu na cikin haɗari. Za a yi hoton siti sikan mai tsananin fito da abu, domin hoton ƙirji na yau da kullum yana iya kuskure cutar a farkonta. Za a sa ta hura iska a na'ura a auna abin da huhu ke iya ɗauka, a riƙa maimaitawa bayan 'yan watanni a ga ko yana raguwa. Da Yaya ta hura, likita bai ce komai ba, ya dai ja layi a ƙarƙashin lambar.

Kada wani ya ce ai ba ta da magani, tura ta wahala ce kawai. Warkewa dai babu, amma ana taka mata birki. Tun 2006 wani babban gwaji a Amurka ya nuna saiklofosfamaid na rage lalacewar huhun, a 2016 kuma aka ga maikofenolet na yin aiki kwatankwacin haka da ƙarancin illa, shi ne ma yanzu aka fi farawa da shi. A 2019 aka gwada nintedanib a kan mutum 576: waɗanda suka sha, abin da huhunsu ke ɗauka ya ragu da kimanin mililita 52 a shekara, waɗanda ba su sha ba 93. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a shekarar, ta ƙara da tosilizumab a 2021. Hawan jinin huhu ma yana da nasa, irin su sildenafil da bosentan. Na san waɗannan na baya-bayan nan sun fi ƙarfin aljihun talaka. Maikofenolet ɗin ma da Yaya ke sha, kuɗinsa na wata yana kusan cinye albashina, sai mun yi karo-karo da 'yan'uwa. Maganin tibi kyauta, wanda take buƙata kuwa da tsada, har wani ɗan'uwanmu ya ce da ma tibin ne. Ban ga laifinsa ba.

Aikinku bai ƙare da turawa ba, don za su dawo hannunku. Maikofenolet da saiklofosfamaid da tosilizumab danne garkuwar jiki suke yi, a ƙasar da ƙwayar tarin fuka ke kwance a jikin mutane da yawa. Dole a tantance kafin a fara, kuma mai ƙandarewar fata tana iya kamuwa da tibi na gaske daga baya, ciwo biyu a huhu ɗaya. In haka ta faru, ku tuna rifamfisin, ɗaya daga cikin magungunan tibi, yana rage ƙarfin maikofenolet da nintedanib da sildenafil a jini, sai kun yi magana da likitan da ke duba ta. Mace mai shekarun haihuwa kuma a gaya mata gaskiya, a gaban mijinta in ta yarda: maikofenolet yana nakasa ɗan tayi, ciki tare da hawan jinin huhu kuwa yana iya tafiya da uwa. A gidajenmu wannan magana ta fi ƙarfin ƙani, daga bakin mai farar riga ake jin ta.

Sauran shawarwarin ba su cin ko sisi. Hanyar abincinsu ta saki, ruwan ciki na hawowa da dare, wani ya zarce cikin huhu ya ƙara masa rauni. A ɗaga kan gado da bulo, a ci tuwon dare da wuri, a bar kwanciya da an gama cin abinci, a riƙa shan maganin ƙwannafi irin omefrazol. Alwala da ruwan ɗumi, safar hannu a hunturu, nesa da hayaƙin murhu da na taba. A auna jini a kai a kai.

Kada kuma ku ɗauka ta mata ce kaɗai. A 1957 wani likita mai suna Erasmus ya ba da rahoton yawaitar cutar a tsakanin masu haƙar zinariya a Afirka ta Kudu, kuma an tabbatar ƙurar dutse na cikin abubuwan da ke jawo ta. Duk wanda ya san yadda ake niƙa dutsen zinariya a bushe a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ko ya ga masu fasa dutse a kwari ba ko ƙyalle a hanci, ya san muna da irin waɗannan maza. Ƙurar nan ita kanta tana yi wa huhu tabo, tana buɗe wa tarin fuka ƙofa, don haka layinku za su zo. A tambaye su sana'a, a duba hannunsu su ma.

Ga shugabannin shirin yaƙi da tarin fuka da kuturta na ƙasa, da malaman cibiyar horarwa ta Saye a Zariya inda da yawanku suka yi kwas, roƙona ƙarami ne. Ma'aikatanku sun riga sun iya duba fata da yatsu saboda kuturta, babu wanda ya fi su. A ƙara musu shafi ɗaya a littafin horo, da hotunan hannun baƙar fata, da layi ɗaya a katin mara lafiya: duk wanda gwajinsa bai nuna ƙwaya ba, ya kuma kai wata biyu yana shan magani babu sauƙi, a sake duba shi daga kai har ƙafa kafin a ci gaba. Ranar 24 ga Maris, ranar tarin fuka ta duniya, kowa na jin ku a rediyo. Ranar 29 ga Yuni ita ce ta masu wannan cuta a duniya, ranar da wani mashahurin mai zane na Turai, Paul Klee, ya rasu da ita a 1940. Ko minti biyar ne a ba ta.

Yaya tana nan da rai, alhamdu lillahi. Lambar da ake ja wa layi ta daina sauka, amma ba ta hau ba. A zaune take sallah, kitso kuma sai dai ta nuna wa 'yarta da baki. An mayar da kwanonta cikin na kowa.

Watan jiya na raka wani maƙwabci karɓar maganinsa a ɗaya daga cikin cibiyoyinku. A kan benci na ga wata mata tana ta fama da ƙullin ledar katinta, yatsun sun ƙi lanƙwasuwa, suna sheƙi, sai da yarinyar da ke tare da ita ta kwance mata. Tana tari, busasshe. Na matsa na gaishe ta, na ce wa yarinyar idan sun shiga ta roƙi malam ya duba hannun Mama. Aka kira maƙwabcina, da muka fito sun tafi. Katinta yana cikin durowar ɗayanku, kuma za ta dawo karɓar na wata mai zuwa.

Allah Ya taimake ku a kan aikinku, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Wassalam,
Naku, ƙanin wata mara lafiya.